Shaidar Musbahu a Kan Fitilar Toranke

Saƙon ya iso wa Suwaibatu ranar Litinin da hantsi, tana zaune a kan tabarma a gidan iyayenta a Gaya, kofin kunun kanwa a gefe, kwamfuta a cinya. Mai kula da sashen fitilu na manhajar Linux ne ya rubuto, wani Bature da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, wanda ba ya gaisuwa a saƙo. Ya ce ya karanta facinta, wato gyaran manhajar da ta tura masa, bai ga aibu ba. Amma ba zai karɓa ba sai wani ya gwada shi a kan na'ura ta gaske, ya rubuto da kansa cewa ya gwada. Ranar Juma'a zai rufe karɓar sabon aiki. A ƙarshe ya ƙara da cewa akwai wani da ya turo irin wannan gyara, nasa bai kai nata tsafta ba, amma an gwada shi.

Suwaibatu mai rubuta manhaja ce a wani ƙaramin kamfani a Kano da ke kafa famfunan sola a ƙauyuka. Kowane famfo yana da akwati, a cikin akwatin akwai 'yar kwamfuta mai amfani da Linux, a jikin murfin sabon samfurin akwatin kuma akwai fitila ɗaya da ke iya yin ja, kore ko shuɗi. Matsalar tana cikin kanel, wato zuciyar manhajar. Direba, wato ɓangaren manhajar da ke sarrafa fitilar, ya san launuka, amma tiriga, abin da ke tayar da fitila da kansa idan batir ya yi ƙasa ko tanki ya cika, bai san komai ba sai kunnawa da kashewa. Facin Suwaibatu shi ne ya koya wa tiriga zaɓen launi. Ta fara shi tun cikinta bai fito ba. Idan aka karɓa, sunanta zai shiga kanel a karon farko. Idan Juma'a ta wuce, sunan wancan ne zai shiga.

Akwatin da ke da irin wannan fitila guda ɗaya aka kafa, a Toranke, cikin ƙasar Ajingi. Ba tafiya ce mai nisa ba. Sai dai Suwaibatu tana jegon ɗanta na fari, kuma mahaifiyarta, Iya Batula, ta riga ta yanke hukunci.

"Ko zaure ba za ki taka ba sai kin yi arba'in."

"Iya, zuwa da dawowa ne kawai."

"A kan wannan hanyar? Da ɗanyen jiki? Ki ce wa Baturen ya zo ya same ni."

Saura mutum ɗaya. Mukullin ɗakin famfon Toranke yana hannun Musbahu, wanda ya karanta lantarki kuma yake duba famfunan kamfanin a wannan yanki. Musbahu ɗan yayan Iya Batula ne. Shi ɗan namiji, ita 'yar mace, wato taubasai ne, kuma tsakanin taubasai babu laifi a tsokana, babu haƙƙin yin fushi. Musbahu ya ɗauki wannan al'ada kamar aikin gwamnati. Ana saura kwana ɗaya ɗaurin auren Suwaibatu ya bugo waya da murya mai nauyi ya ce dangin ango sun taso, suna Wudil. Gidan ya ɗora tukwane, aka yanka kaji, babu wanda ya zo sai shi.

Bayan azahar ta tura sabon kanel zuwa akwatin ta intanet, ta kira shi.

"Baiwata," in ji Musbahu. "Yaya ɗan bawan da kika haifa mini?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Kana gaban akwatin?"

"Ina gabansa, yana gabana."

"Zan ba shi umarni, ka faɗa mini launin da ka gani. Ba na son surutu. Ga na farko."

Ta umarci fitilar ta yi ja.

"Kore," in ji Musbahu.

"Musbahu."

"Kore shar, kamar ganyen rama."

Ta umarce ta ta yi kore.

"Ja."

Ta umarce ta ta yi shuɗi.

"Shuɗi."

Suwaibatu ta san salon. Ya juya biyu, ya bar ɗaya daidai don ƙaryar ta zauna. Ta sha gwada facin a kan allon gwajin lantarki da ke ɗakinta, mai ƙananan fitilu uku a jere, bai taɓa kuskure ba.

"Ka gama?" ta ce. "To mu sake, yanzu da gaske."

"Ai da gaske nake."

"Ka rantse."

"A kan fitila zan rantse? Ina da mata da 'ya'ya."

"Musbahu, Juma'a za a rufe."

Da ya sake magana, muryarsa ta cika da farin ciki.

"Wato ba ki yarda ba. To madalla. Sake dannawa."

Ta danna.

"Ruwan goro."

Ta sake.

"Wannan kam kalar miyar kuka ce da ta kwana."

Ta kashe wayar.

Ranar Talata ta nemi hoto. Na farko ya zo, fitilar ta fito fara fat, domin kyamarar waya ba ta iya ɗaukar haske mai ƙarfi haka a ɗaki mai duhu. Ta ce ya ja baya ya sake ɗauka. Na biyu ya zo, hoton jaki ne a ɗaure a gindin tanki, an rubuta a ƙasa cewa ga wanda zai sa hannu.

Ta ce ya ba wani wayar, kowa ma, cikin masu ɗibar ruwa. Ya miƙa wa wata mata da ta zo da jarka a kan keke.

"Sannu, Inna," in ji Suwaibatu. "Don Allah ki leƙa ta taga, wane launi fitilar nan take?"

Matar ta sauke wayar daga kunne. Suwaibatu ta ji tana tambayar Musbahu wace ce. Ta ji Musbahu yana cewa 'yar Batula ce ta Gaya, jikar Barebarin nan na bayan kasuwa.

"Af, Babarbariya ce?" Matar ta dawo kan waya. "Yarinya, fitilarki baƙa ce ƙirin. Ki gaida mini baiwata Batula, ki ce nonon da ta sha mini bai bi ta da lafiya ba."

Bafulatana ya zaɓo mata. Tsakanin Fulani da Barebari ma wasan ne, kuma ya san haka tun kafin ya miƙa wayar.

Ranar Laraba Suwaibatu ta sauko. Ta kira shi da sunan da matan gidansu ke kiransa, Yaya Musbahu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ba sai an sake gwaji ba. Layi ɗaya kawai zai rubuta wa Baturen daga imel ɗinsa, cewa ya gwada, ya yi aiki.

"Sake faɗa."

"Layi ɗaya ne."

"A'a, na farkon. Yaya wa?"

"Yaya Musbahu."

"Ya yi daɗi. To, ƙanwata, ni ba na shaidar zur."

Ya faɗe shi yana dariya. Daga can Gaya babu yadda za a yi a gane ko dariyar ta ƙin gaskiya ce ko ta jin daɗin an roƙe shi. Suwaibatu ta ajiye wayar a kan tabarma ta zuba mata ido.

Iya Batula tana gefe tana tsinke ganyen darbejiya na ruwan wankan yamma. Ta ji komai tun Litinin, ba ta sa baki ba, domin babba ba ya shiga tsakanin taubasai.

"Tun yana yaro haka yake," ta ce, kamar da ganyen take magana. "Ubansa ma ya gaji. Mutum ɗaya na sani da yaron nan ba ya iya ɗaga ido a gabansa."

"Wa?"

"Surukinsa mana. Malam Badaru. Tun da ya auri Kamila bai sake bi ta ƙofar makarantar ba, sai ya zagaya ta bayan gonaki, ko da ana ruwa."

Suwaibatu ta ɗago kai.

"Iya, kina da lambar Malam?"

"Ni ban ce komai ba," in ji Iya Batula. Ta share hannu a zani ta shiga ɗaki ta ɗauko wayarta.

Malam Badaru yana da makarantar Islamiyya a Toranke, kuma a wajen mahaifin Iya Batula ya yi karatu. Idonsa ya yi rauni, da ƙyar yake bambance mutum da itace idan rana ta yi tsaka, don haka ba zai iya duba fitilar ba. Suwaibatu ba ta buƙaci ya duba ba. Ta gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya yi mata barka, ya yi wa jariri addu'a. Sannan ta gaya masa gaskiya, ba ta ƙara ba, ba ta rage da yawa ba: akwai aikin da ake son shaidar Musbahu a kansa, shaidar za ta tafi ƙasar waje, kuma tana son a samu babba a wurin.

"Shaida ba abin wasa ba ce," in ji Malam. "Gobe Alhamis, babu karatu. A ɗakin famfon kika ce?"

Washegari da hantsi Musbahu ya iso a kan babur, yana waya da ita tun daga hanya.

"Yau wane launi kike so, baiwata? Na zo da sababbi. Akwai kalar hantar akuya, akwai..."

Maganar ta yanke. Suwaibatu ta ji babur ya mutu. Ta ji takalmi ya faɗi, ɗaya, sannan ɗayan.

Malam Badaru yana zaune a kan buzu a inuwar tanki, dab da ƙofar ɗakin famfo, carbi a hannu. Musbahu ya durƙusa tun daga nesa, ya ƙaraso a tsugune.

"Allah gafarta Malam. Barka da hantsi."

"Musbahu ne? Barka kadai. Yaya iyalin?"

"Lafiya lau, Allah gafarta Malam."

"Kwana biyu."

"Ayyuka ne, Allah gafarta Malam."

Wannan muryar Suwaibatu ba ta taɓa jin ta ba. Ƙarama ce, a daidaice, kamar ta mai neman aiki.

"'Yar uwarka ta ce za ka ba da shaida. Buɗe ɗakin, ka sa wayar yadda ni ma zan ji."

Ya buɗe. Akwatin yana manne a bango kusa da ƙofa, daidai kan mutum idan yana tsaye. Musbahu ba zai tsaya a kan surukinsa ba, saboda haka ya tsuguna a bakin ƙofa ya ɗaga wuya.

"Baba Malam, zan fara," in ji Suwaibatu.

"Bismillah."

Ta umarci fitilar ta yi ja.

"Me ka gani?" in ji Malam.

"Kore ne, Allah gafarta Malam."

Suwaibatu ta sake duba umarnin da ta bayar. Ta umarce ta ta yi kore.

"Ja ne, Allah gafarta Malam."

Shuɗi ya fito shuɗi.

Ta buɗe facinta ta gangara zuwa inda tiriga ke raba haske. Abin yana nan a fili. A cikin fitilar akwai ƙananan ƙwayaye uku, kuma ta rubuta kamar dole na farko shi ne ja, na biyu kore, na uku shuɗi, domin haka suke a allon ɗakinta. A akwatin Toranke kore ne a farko. Direban yana ajiye launin kowane ƙwai, tambaya kawai ake yi, ita kuwa ba ta tambaya ba. Baturen ma ya karanta bai gani ba. Da facin ya shiga haka, duk na'urar da aka jera ƙwayayenta irin na Toranke za ta nuna kore a lokacin da batir ke mutuwa.

"'Yata, na ji shiru," in ji Malam. "Ƙarya ya yi?"

"A'a, Baba Malam. Gaskiya ya faɗa. Kuskuren nawa ne."

"To alhamdu lillahi. Ai na san shi, yaro ne mai natsuwa."

Daga wajen Musbahu wani ɗan sauti ya fito, tsakanin tari da shaƙewa. Tun yarinta yake jiran ranar da Suwaibatu za ta faɗi wannan magana da bakinta. Ranar ta zo, kuma yana tsugune a gaban uban matarsa, idonsa a ƙasa.

"Ka ce wani abu, Musbahu?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Ƙura ce."

"Baba Malam," in ji Suwaibatu, "zan gyara yanzu, sai a sake gwadawa. Amma kwamfuta tana ɗaukar lokaci kafin ta haɗa. Ko za ku iya jira?"

"Ina za ni? Nan ma ya fi gida sanyi."

Gyaran bai fi layi kaɗan ba: tiriga ya tambayi kowane ƙwai launinsa kafin ya ba shi haske. Ta rubuta, kwamfuta ta haɗa, ta tura zuwa Toranke, duka kafin kunun da ke gabanta ya huce. Sannan ta ajiye kwamfutar a gefe, ta ɗauki jariri ta ba shi nono. Wayar tana kan tabarma a buɗe.

Malam Badaru ya yi amfani da lokacin. Ya tambayi Musbahu ko gaskiya ne an ce yana bi ta bayan gonaki. Musbahu ya ce hanyar ta fi sauƙi ga babur. Malam ya ce shi ya san hanyar, yashi ne zalla. Ya tambaye shi inda ya tsaya a karatu. Musbahu ya faɗi wata sura can ƙasa. Malam ya ce to a ji. Musbahu ya fara, Malam ya gyara masa, ya koma farko, aka sake gyara masa.

Iya Batula ta fito daga kicin ta leƙa fuskar kwamfutar. Ba ta iya karanta abin da ke ciki, amma ta san bambancin na'ura mai aiki da wadda ta gama.

"Ba kin gama ba?" ta tambaya a hankali.

"Na gama."

"To?"

"Gwiwarsa ce ba ta gama ba."

Iya Batula ta saurari karatun ɗan yayanta na ɗan lokaci.

"Ƙara masa kaɗan," ta ce. "Kajina nake tunawa." Ta koma kicin.

Sai da jariri ya ƙoshi ya yi barci sannan Suwaibatu ta ɗauki wayar.

"Baba Malam, ta haɗa."

"Har ta gama? To, Musbahu, za mu ci gaba wata rana. Duba fitilarka."

Ja ya fito ja. Kore ya fito kore. Sannan ta saki fitilar a hannun tiriga, ta ce a kashe wayar da ke kawo wuta daga faifan sola. Musbahu ya miƙe don ya kai hannu, ƙafafunsa suka ƙi, sai da ya dafa bango. Ya kashe. Fitilar ta koma ja da kanta. Ya mayar, ta koma kore. Aka jira famfo ya cika tanki, ta yi shuɗi. Kowane ɗaya ya faɗe shi a fili, da Allah gafarta Malam a ƙarshe.

Suwaibatu ta tura facin da aka gyara, tare da bayanin kuskuren a jimla biyu da sunan wanda ya gano shi. Saura layin Musbahu. Ya ce zai rubuta idan ya koma gida.

"A nan za a rubuta," in ji Malam. "Mai shaida ba ya tashi da shaidarsa a aljihu."

Ya rubuta a tsugune. Malam ya sa ya karanta da Turanci, ya fassara da Hausa, sannan ya tambayi dalilin da ya sa babu sunan mahaifinsa. Aka ƙara sunan mahaifi. Ya tura. Suwaibatu ta ga saƙon ya bayyana a ƙarƙashin nata, ta yi wa Malam godiya, shi kuma ya ce ba komai, duk Alhamis ɗin da ake buƙatarsa a aiko.

Amsar Baturen ta zo ranar Juma'a kafin a tafi masallaci. Gajeriya ce kamar kullum. Ya karɓa, ya gode wa su biyun. Ya ce tunda an samu mai gwaji a kan wannan na'ura, yana so a ci gaba da sauran tirigogin da ba su san launi ba, kuma zai riƙa sa Musbahu a kowane saƙo. Suwaibatu ta karanta, ta duba sunanta a jikin kanel, ta rufe kwamfutar, domin ruwan wanka ya tafasa kuma Iya Batula tana tsaye da ganye a hannu.

Musbahu ya kira bayan an sauko. Muryarsa ta dawo da girmanta.

"Baiwata! Yanzu babu kowa. Maimaita abin da kika gaya wa Malam. A hankali, ina so in ɗauka a waya."

"Ka ga saƙon Baturen?"

"Na ga an gode mini. Maimaita."

"Karanta ƙasa. Akwai sauran tirigogi. Kowanne sai an gwada."

"To sai me? A turo. Ni ne gwani yanzu."

"Na riga na gaya wa Baba Malam. Ya ce ka zo da alwala."

Musbahu ya yi gyaran murya.

"Suwaibatu," in ji Musbahu, "mu yi magana ta hankali. Idan na rantse fa?"

"Ka makara," ta ce. "Iya tana kira na."